Renda Tana Cinye Dare a Legas: Manhaja Zan Canza Ko Kwamfuta?

Tambaya: Wani matashi mazaunin Agege, mai yi wa masu zanen gine-gine hotunan gidaje na 3D, ya ce yana aiki da manhajar Blender a laftof mai katin hoto RTX 3050 mai ma'adanar gig 4. Hoton falo ɗaya yana cin kusan awa guda wajen renda, wato lissafin da kwamfuta ke yi ta fitar da hoton daga zanen 3D, ya kuma fito da ɗige-ɗige. Yanzu wani dillalin gidaje a Lekki ya ba shi aikin bidiyo na daƙiƙa 30, yana so cikin mako guda. Wani abokinsa ya ce sai ya koma manhajar renda ta V-Ray ko Corona, wani kuma ya ce ya tafi Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, ya sayi sabuwar kwamfuta. Wanne zai bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka sayi komai tukuna. Abokan naka kowanne ya riƙo wani gefe na gaskiya, amma in ka bi ɗayansu a wannan makon, kuɗi za su fita kuma bidiyon ba zai fito a kan lokaci ba.

Ɗauki Corona. Ba ta aiki a cikin Blender, sai a 3ds Max ko Cinema 4D, kuma dukkansu haya ake biya da dala. Ga shi da farosesa kaɗai take renda, wato katin RTX ɗinka zai zauna yana kallo alhali shi ne abu mafi ƙarfi a cikin laftof ɗin. V-Ray tana iya aiki da kati, amma gig 4 ɗinka yana nan gig 4 ko wace manhaja ka ɗora masa. Sannan koyon sabuwar manhaja da aikin mutane a hannu, zafin nema ne wanda ba ya kawo samu.

Cycles, injin renda da ke cikin Blender ɗinka, da V-Ray ta kamfanin Chaos da aka kafa a Bulgeriya, da Corona, da Arnold na Autodesk, duk 'yan gida ɗaya ne. Lissafi ɗaya suke warwarewa, wanda James Kajiya ya fitar a 1986, kuma babbar hanyarsu ita ce bin sawun haske. Kowacce tana da dabarun gajarta hanya, kuma V-Ray da Corona suna da hanyar adana lissafin hasken da ya bazu a ɗaki, abin da ke taimaka musu sosai a aikin cikin gida. Amma wanda bai san abin da ke jawo ɗige-ɗige a Cycles ba, zai tarar da su suna jiransa a can.

Ga abin da ke faruwa in ka danna F12, maɓallin fara renda. Hotonka mai faɗin 1920 da tsawon 1080 yana da fiksel, wato ƙananan ƙwayoyin launi da ke haɗa hoto, 2,073,600. Ta kowane fiksel, Cycles tana harba layi daga kamara zuwa cikin falon. Layin ya bugi bango, ya karkata wani wuri bisa sa'a, ya bugi tayil, ya sake tashi, yana neman inda haske ya fito. In ya dace da taga ko fitila sai ya dawo da haske, in bai dace ba ya dawo da duhu. Harbi ɗaya shi ne samfur ɗaya. Fiksel biyu maƙwabta, wannan ya dace wancan bai dace ba, su ne ɗige-ɗigen da kake gani. Kamar mai sayen wake ne a kasuwar Mile 12: ɗiba ɗaya ba ta gaya masa halin buhu, sai ya ɗebo sama da tsakiya da ƙasa.

To, amma ƙara samfur yana da ƙa'ida mai tsada. Kafin ɗige-ɗige su ragu da rabi, sai ka ninka samfur sau 4. Daga 256 zuwa 1024 sun ragu da rabi, daga 1024 zuwa 4096 sun sake raguwa da rabi. Wato lokaci ninki 16 ka biya. Kuma 4096 ɗin shi ne adadin da Blender take zuwa da shi tun daga sigar 3.0, wanda mutane da yawa ba sa taɓawa. Ina kyautata zaton nan awarka take tafiya.

Kafin komai ka duba abu biyu. Shiga Preferences, sashen System, ka tabbatar an zaɓi OptiX, hanyar da Cycles take amfani da katin RTX, kuma an yi wa katinka alama. Sannan a saitin renda na fayil ɗin kansa, ka mayar da Device zuwa GPU Compute, domin sabon fayil da farosesa yake farawa. Na sha ganin masu katin RTX suna renda da farosesa ba su sani ba. Na biyu, laftof ta kasance a jone da caja. In tana kan batir, da kanta take rage wa katin wuta, gudunsa ya faɗi ƙasa warwas.

Bayan nan sai tagogi, domin a aikin falo su ne suka fi ɓata wa mutane dare. A duk inda layi ya buga, Cycles tana leƙa tushen haske kai tsaye ta ga ko wani abu ya tare hanya. Gilashin da ka sa wa Glass BSDF, a wurin wannan leƙen bango ne. Sai ya zama hasken rana ba ya shigowa sai ta layukan da suka faɗa cikin gilashin bisa tsautsayi, kuma kaɗan ne. Maganin ba shi da wuya: zaɓi gilashin tagar, je Object Properties, ƙarƙashin Ray Visibility ka cire alamar Shadow. Kamara za ta ci gaba da ganin ƙyallin gilashi, haske kuma ya wuce salin alin. In tagar ba ta fitowa a hoton, goge gilashin gaba ɗaya. Sannan ka sa fitilar Area daidai girman kowace taga, tana fuskantar ciki, ka yi mata alamar Portal. Ita ba ta ba da haske, nuna wa Cycles take yi inda hasken sararin sama yake shigowa, don ta daina harbin banza.

Sai silin ɗin POP da masu gidajen Lekki suke so, mai ƙananan ƙwayaye jere da layin haske a ɓoye cikin lungu. Yawancin mutane sukan yi ɗan da'ira su sa masa Emission mai ƙarfin gaske, su kwafa sau 30. Ƙaramin abu mai haske mai tsanani, wanda kuma aka cusa cikin rami ko bayan gilashi, shi ne yake haifar da fararen ɗigogin nan masu kama da tartsatsi. Ka bar da'irar da ɗan haske don ido ya gani, ainihin hasken kuma ya fito daga fitilar Spot da ka sa ƙasa da ita kaɗan. Layin da ke lungu kuwa, doguwar fitilar Area ta wadatar. Kashe Caustics guda biyun da ke ƙarƙashin Light Paths, ka sauko da Clamp Indirect daga 10 zuwa wajen 4 in tartsatsin bai tafi ba. Amma kada ka rage tsallen Diffuse ƙasa da 3 a cikin ɗaki, lungunan za su yi duhu kamar an ɗauke wuta.

In ka gama wannan, mayar da samfur 256 ko 512, Noise Threshold ya koma wajen 0.03, ka kunna mai share ɗige-ɗige na OpenImageDenoise, wanda Intel ta yi kuma kyauta yake a cikin Blender. Ka bar shi yana amfani da Albedo da Normal don kada ya goge zanen tayil da saƙar labule. A hoto guda aikinsa abin mamaki ne. A bidiyo kuwa yana da hali: in samfur ya yi kaɗan, kowane firem, wato hoto ɗaya cikin jerin da ke haɗa bidiyo, zai share shi ta wata siga daban, sai ka ga bango yana rawa. Don haka kada ka yanke hukunci da firem ɗaya. Fitar da 25 a jere ka kalle su suna tafiya.

Gig 4 kuwa shi ne ainihin iyakar na'urarka. Duk abin da ke cikin falon sai ya shiga ma'adanar katin. Hoton fatar kujera mai 4096 a kowane gefe, ko da fayil ɗinsa ƙarami ne, in an buɗe shi yana cin kusan megabait 64, mai 8192 kuma 256. Kujerar da ka sauke daga intanet takan zo da irinsu uku ko huɗu. In ma'adanar ta cika, ko dai renda ta koma jan ƙafa ko ta tsaya cak. Shiga Simplify ka sa Texture Limit a 2048, a bidiyo ma 1024 takan isa ga abin da ke nesa da kamara. Kujerun cin abinci shida ka kwafe su da Alt+D maimakon Shift+D, don su raba jiki ɗaya. Abin da kamara ba za ta taɓa gani ba, kamar kayan ɗakunan sama, ka cire shi daga renda.

Yanzu bidiyon. Daƙiƙa 30 a firem 25 kowace daƙiƙa, firem 750 ke nan. A awa ɗaya kowanne, awa 750, ya haura kwana 31 ba dare ba rana. Mu a wannan sana'a daga baya muke fara lissafi. A ce kana da dare 5 kafin ranar miƙawa, kowane dare kana da tabbacin wuta na awa 10, ko ta NEPA ko ta janareta. Awa 50, minti 3000, a raba wa firem 750: minti 4 ga kowane firem. Wannan shi ne kasafinka, kuma duk saitin da ya haura shi ba naka ba ne a wannan aikin, komai kyansa. Ni da zan ba ka shawara ma ka nufi minti 2, domin gyara ba ya rasa zuwa.

Ka tambayi dillalin inda za a nuna bidiyon. Galibi Instagram ne da WhatsApp, waɗanda za su matse shi su zubar da rabin ƙyale-ƙyalen da ka kwana a kai. In ya ce 4K yake so don ya ji ana faɗa, ka gaya masa fiksel 8,294,400 ne, ninki 4 na 1080, kuɗi da lokaci ma haka.

A nan ne EEVEE take shigowa, injin renda na biyu da ke cikin Blender tun sigar 2.80 ta 2019. Ita hanyar wasannin kwamfuta take bi: tana zana abubuwan a allo kai tsaye, ta kwaikwayi inuwa da ƙyalli da dabaru, firem ya fito cikin daƙiƙoƙi. An sake gina ta a sigar 4.2 ta 2024, haskenta ya matso kusa da na Cycles. Masu raina ta su tuna fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025, da Blender aka yi shi kuma da EEVEE aka fitar da shi. Rauninta sananne ne. Madubi da tayil mai sheƙi ba sa nuna abin da ke wajen ganin kamara sai ka sa musu Light Probe, gilashi ba ya kai na Cycles, kuma in bangonka ba shi da kauri haske yakan yoyo ta kusurwa. Ka ba kowane bango kaurinsa na gaske.

Da ni ne kai, zan raba bidiyon gida shida, kowanne daƙiƙa 5. Gaban gida, harabar mota, wurin wanka da baranda duk EEVEE, domin a waje rana ɗaya ce ke mulki kuma bambancin bai taka kara ya karya ba. Falo da kicin, inda hasken da ya bazu yake sayar da gida, Cycles. Ka ga firem ɗin masu nauyi sun dawo 250. Kamara ta yi tafiya a hankali, ka kunna Persistent Data don kada kowane firem ya sake loda falon daga farko. Akwai su Twinmotion da Lumion da D5 Render da Enscape, waɗanda masu zanen gini suke so saboda saurinsu, kuma Epic ta mayar da Twinmotion kyauta a 2024 ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba. Sai dai duk suna son kati mai faɗin ma'adana. Ka ajiye su sai gaba.

Wanda ke renda a Legas kada ya kuskura ya fitar da bidiyo kai tsaye zuwa MP4. In wuta ta ɗauke a firem na 600, fayil ɗin yakan lalace, daren ya tafi a banza. Fitar da hotuna ɗaya-ɗaya, PNG ko OpenEXR, cikin folda guda, ka cire alamar Overwrite. Da an kawo wuta ka sake dannawa, Blender za ta tsallake waɗanda ta gama ta ɗora daga inda ta tsaya. Ka dai duba hoton ƙarshe, in rabi ne ka goge shi. Daga baya ka haɗa su a editan bidiyo na Blender ko DaVinci Resolve, wadda take da siga ta kyauta. Kuɗin wutar kansa ba shi ne abin tsoro ba. Kwamfutar tebur mai cin wat 300, a awa 50 yunit 15 ne, ko a farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024 bai kai naira 3,500 ba. Man janareta da yankewar aiki su ne masu cin riba. Zafi ma abokin gaba ne: laftof da ke kan katifa ko fankarta ta toshe da ƙura, tana yin zafi za ta rage gudu. Ɗaga bayanta, sa mata fanka, kai ta a buɗe a share a sabunta man da ke kan farosesa.

In lokaci ya ƙure akwai SheepIt, inda masu Blender suke ara wa juna kwamfuta kyauta, ka yi wa wasu renda ka tara maki a yi maka. Amma fayil ɗinka kwamfutocin baƙi zai shiga, don haka sai da izinin mai zanen gidan, kuma ka lissafa datar ɗorawa da saukewa.

Akwai wani abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi raba hoton da ake biya da wanda ake cewa "a ɗan gyara". Hotunan yaranmu da yawa gida ne na Lekki a ƙarƙashin ranar Turai. Sun sauko da hoton sararin sama daga shafin Poly Haven, wanda aka ɗauka a ƙasar sanyi, rana a kwance, inuwa doguwa, sama shuɗiya shar. Legas tana wajen digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Da azahar rana a tsakiyar ka take, inuwa a ƙarƙashin ƙafa, sama kuma sau da yawa fari-fari ce saboda damshi, da hunturu ga hazo. In kana son haske mai taushi, zaɓi hantsi ko bayan la'asar, amma ka sa ranar a inda take faɗuwa a filin na gaske. Sa tankin ruwa, injin AC a bango, tubalin daɓen haraba, itacen kwakwa maimakon itatuwan da ba sa tsirowa a Ajah. Farin fenti kada ya wuce 0.8 a ma'aunin hasken launi na 0 zuwa 1, domin babu bangon da ke mayar da haske duka, kuma fari fat yana ƙone hoto. Kowane gefe na tebur da kabad ka ɗan daddatse kaifinsa da Bevel don ya kama ƙyalli. Tayil kada ya zama madubi, ba shi ɗan kaushi wanda bai zama iri ɗaya ko'ina ba. Kamara a tsayin idon mutum, wajen mita 1.5, bangaye a miƙe ba sa jingina. Launi kuma ka bar shi a AgX, wanda Blender take zuwa da shi tun sigar 4.0, yana riƙe hasken taga ba tare da ya zama fari fes ba.

In za ka sa mutane, baƙar fata ƙyalli ne ke fito da surarta. Fitila mai faɗi daga gefe ta fi ƙara wa hoton gaba ɗaya haske, wanda ba abin da zai yi sai ƙone farar shaddar da mutumin ya sa.

Batun saye, bayan an biya ka wannan aikin. Fara da inbata da batir in ba ka da su. Sannan kwamfutar tebur, ram gig 32, katin Nvidia saboda OptiX, kuma ka fifita faɗin ma'adana a kan sabon suna. RTX 3060 na tebur akwai mai gig 12, RTX 4060 ya fi shi sauri amma gig 8 ne, kuma ga mai cika falo da kaya 12 ɗin tana da ranarta. Ka lura a Ikeja: RTX 3060 na laftof gig 6 ne, suna ɗaya abu daban. In tokumbo za ka saya, je da fayil ɗin falonka a filasha, ka sa shi renda minti 20 a gaban mai shago, kana duba zafin katin da manhajar GPU-Z. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In an ce za a cika maka ita da manhajojin da aka fasa, ka ce a bar ta haka, domin ƙwayar cuta takan biyo su kuma zanen mutane ne a kwamfutarka. V-Ray ko Corona kuwa, ranar da ka nufi aiki a kamfanin da ke kan 3ds Max, ka koye su. Wanda ya fahimci samfur da tsallen haske da kaushin fata, sunayen maɓallai kawai zai haddace.

Kafin ka sa rendar ƙarshe, tura wa dillalin bidiyo marar nauyi da ke nuna tafiyar kamara, da hoto ɗaya cikakke daga kowane ɓangare. Ya amince a rubuce a WhatsApp, tare da adadin gyaran da ke cikin kuɗin. Sannan ka kunna Cryptomatte, wanda ke yi wa kowane abu a hoton alamarsa daban, ka ajiye firem ɗin falo da kicin a OpenEXR MultiLayer. In ya bugo ranar miƙawa ya ce Hajiya ba ta son kalar kujerar, za ka iya zaɓar kujerar kaɗai a Compositor, sashen gyaran hoto na Blender, ka sauya mata launi a duk firem 250, ba tare da ka sake renda ba.